Dan Allah masu saikoloji, fassara takardar tambayoyin sanin kai na matasa ta wadatar ko sai an taɓa gininta?

Hafsy_Mastas:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin bincike a ɓangaren saikoloji musamman na yara masu tasowa. Mastas nake yi kuma furojet ɗina a kan yadda matasa 'yan shekara 13 zuwa 18 suke gina sanin kansu ne, wato yadda yaro yake zuwa ya gane shi waye, me ya yarda da shi, wane aiki zai yi in ya girma, su waye mutanensa, abin nan dai da Erik Erikson ya ce shi ne babban aikin da ke gaban mutum a shekarun balaga, mataki na biyar cikin takwas ɗin da ya lissafa na rayuwa.

Toh takardar tambayoyin da aka ce in yi amfani da ita ita ce EOM-EIS-2 ta Bennion da Adams ta 1986, tambayoyi 64 ne kuma da Turanci aka gina ta don matasan Amurka. Yaran da zan ba wa da yawansu Turancinsu bai kai su karanta doguwar jimla su gane ta daidai ba, shi yasa sufabaiza na ya ce in fassara zuwa Hausa in ba wani ya mayar da ita Turanci, in sun yi daidai shikenan in shiga fili. Na fara amma wallahi raina ya ƙi kwanciya. Akwai ɓangare guda a kan fita yawon soyayya, akwai na siyasa, akwai na yadda mutum yake cika lokacin hutunsa, kuma wanda ya fi damuna su ne tambayoyin da suke cewa iyayena ne suka zaɓa min aikin da zan yi kuma ina bin tsarinsu, duk yaron da ya ce eh ga irin waɗannan sai lissafi ya jefa shi rukunin waɗanda ba su yi tunani da kansu ba, alhali ni na san yara da suka zauna suka yi tunani sosai sannan suka zaɓi hanyar iyayensu da gangan kuma da son ransu.

Abin da nake son sani, fassarar kaɗai ta isa? In na cire wasu tambayoyin ko na canza su har yanzu sunanta EOM-EIS ko ta zama wata aba daban? Sannan ranar difens da me zan nuna cewa tana auna abin da aka ce tana aunawa a wajen yaran nan? Na gode.

Abba_Risach:

Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki wahalar da kanki, abin da sufabaiza ɗinki ya faɗa shi ne kowa yake yi kuma yana da asali, Richard Brislin ne ya yi rubutu a kai tun 1970. Ki samu mutum ɗaya ya fassara, wani daban wanda bai taɓa ganin ta Turancin ba ya mayar, ki jera su biyun ki duba inda suka saɓa ki gyara. Bayan nan ki gwada da yara kamar talatin ki zuba a manhajar lissafi ta SPSS ki fitar da alfa ta Cronbach, wato lambar da take nuna yadda amsoshin tambayoyin suke tafiya tare, in ta kai 0.70 ba mai tsayar da ke. Kuma shawara ta kar ki cire tambaya ko ɗaya, domin da zarar kin cire za a ce miki ba za ki iya kwatanta sakamakonki da na waɗanda suka yi a wasu ƙasashen ba, kuma amfanin ɗauko takardar da aka sani ai kenan. Mastas ce fa, lokaci gare ki ƙanƙani, ki bar sauran sai kin zo digiri na uku.

Dakta_Bilkisu:

Hafsat 'yata, wannan rashin kwanciyar ran da kika ji kar ki danne shi, shi ne binciken ma. Abba ka yi haƙuri amma ban yarda da rabin maganarka ba, zan faɗi dalili.

Mu fara daga tushe. Ita wannan takarda ba daga Erikson ta fito kai tsaye ba, daga James Marcia ta fito, wanda a 1966 ya ɗauki maganar Erikson ya mayar da ita abin da za a iya aunawa. Tambaya biyu ya yi wa matashi: ka laluba ka auna hanyoyi daban daban kafin ka tsaya? Sannan ka tsaya a kan wani abu ko ba ka tsaya ba? Daga nan rukuni huɗu suka fita, wanda ya laluba kuma ya tsaya, wanda yake cikin lalube bai tsaya ba tukuna, wanda ya tsaya ba tare da lalube ba yawanci a kan abin da ya taras a gida, da wanda bai laluba ba kuma bai tsaya ba. Kuma su waye aka yi wa wannan bincike na farko? Ɗalibai maza 86 na kwaleji a Amurka, aka yi musu intabiyu a kan sana'a da addini da siyasa. Ba mace ko ɗaya a ciki, kuma duk waɗanda suka samu damar shiga kwaleji ne a ƙasar da ake sa ran saurayi ya bar gida ya nemi hanyarsa shi kaɗai. Daga baya ne aka ƙaro ɓangarorin abota da soyayya da rawar da namiji da mace suke takawa da sauransu har suka zama takwas ɗin da kike gani, kowane ɓangare tambaya biyu ga kowane rukuni, shi ne 64 ɗin.

Toh kin ga a cikin ginin nan akwai wani zato da aka binne, cewa matashin da ya fi kowa girma a tunani shi ne wanda ya sa alamar tambaya a kan abin da ya gada sannan ya zaɓa da kansa. Wannan zato fassara ba ta taɓa shi. Ki fassara jimlar nan ta iyaye da kyau iya kyau, mai mayarwa ya dawo miki da ita harafi da harafi, zaton yana nan a ciki lafiya lau, kuma yaron da kika ambata wanda ya yi tunani ya zaɓi hanyar iyayensa zai ce eh, lissafi kuma ya rubuta shi a cikin waɗanda ba su laluba ba. Fassarar komawa, wato wannan hanyar ta a fassara sannan a mayar da Turanci, tana gaya miki kalmomi sun tsallaka ne kawai, ba ta gaya miki yaro ya fahimci abin da marubucin ya nufa ba, ba ta kuma gaya miki abin da ake aunawar ma siffarsa ɗaya a wuraren biyu ba. Har ma akwai wata illa da aka sani gare ta, mai fassara in ya san za a mayar da aikinsa sai ya manne wa ginin jimlar asali don ta dawo daidai, ki samu fassara mai kyau a takarda amma ba yaron da yake magana haka.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Markus da Kitayama a 1991 sun yi bayanin cewa a wasu al'ummomin mutum yana ganin kansa a matsayin shi kaɗai mai cin gashin kansa, a wasu kuma yana ganin kansa ta hanyar alaƙarsa da mutanensa. Çiğdem Kağıtçıbaşı ta Turkiyya ta ƙara da cewa ba dole ba ne su zama kishiyoyi, mutum zai iya zama mai yanke wa kansa shawara kuma yana manne da danginsa a lokaci guda, kuma ni a ganina yaran da kike magana a kai ke nan. Bame Nsamenang na Kamaru shi ma ya yi rubutu da yawa cewa a wurare da dama girma ana gane shi ne ta nauyin da yaro yake ɗauka a cikin jama'arsa. Sannan Jeffrey Arnett a 2008 ya duba manyan mujallun saikoloji ya samu kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da gaba ɗayansu kashi 12 ne kawai na mutanen duniya. Don haka ma'aunan da muke ɗaukowa a kan mutane kaɗan aka ɗinka su.

Van de Vijver da Leung sun raba matsalar gida uku kuma ina son ki riƙe wannan don ranar difens. Akwai karkata ta ainihin abin da ake aunawa, wato shi kansa sanin kan bai ƙunshi abubuwa iri ɗaya ba a wuraren biyu. Akwai karkata ta hanyar aunawa, kamar yara ba su saba da zaɓen lamba daga 1 zuwa 6 ba ko suna jin nauyin wanda ya raba musu takardar. Sai karkata ta tambaya guda guda, inda jimla ɗaya take nufin wani abu daban. Fassarar komawa na ukun kawai take ɗan kamawa, shi ma ba duka ba.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi, kafin ki taɓa fassara ki zauna da yaran tukuna. Akwai wata tsohuwar hanya mai sauƙi ta Kuhn da McPartland ta 1954, ki ba yaro takarda ya amsa "ni waye?" har sau ashirin, ba zaɓi ba komai, ya rubuta abin da ya zo masa. Ki haɗa da hira da ƙananan ƙungiyoyi, maza daban mata daban. A nan za ki ga ɓangarorin da suka dame su da gaske, wataƙila ki ga karatu da iyali da addini da yare sun cika takardun, siyasa da hutu kuwa da ƙyar wani ya ambata, wataƙila kuma ki ga akasin abin da kika zata. Bayan nan sai fassara, kuma ba mutum ɗaya ba. Tsarin Beaton da abokan aikinsa na 2000 shi ne mutum biyu su fassara kowa daban, ɗaya ya san fannin ɗaya bai sani ba, a haɗa su a fitar da guda, wasu biyu su mayar, kwamiti ya zauna a kan duka, sannan a gwada da mutum 30 zuwa 40 ana tambayarsu me suka fahimta. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar aikin, ki ce wa yarinya karanta wannan ki faɗa min da bakinki me ake tambayarki, me yasa kika zaɓi 4 ba 5 ba. Ki kuma nemi ƙa'idojin hukumar gwaje gwaje ta duniya ITC, bugu na biyu na 2017, ƙa'ida 18 ne kuma kyauta suke a intanet.

Hafsy_Mastas:

Na gode ƙwarai Dakta, Allah ya saka da alheri, Yaya Abba kai ma na gode. Gaskiya maganar Abba ta kwatantawa ita ma ta tsaya min a rai, domin babi na biyar ɗina ai kwatanta abin da na samu zan yi da na wasu ƙasashe, in na canza tambayoyi da me zan kwatanta? Kuma in ban canza ba ga matsalar da Dakta ta faɗa. Sannan ita alfa ɗin, in na samu 0.80 misali ba hujja ba ce kenan? Ni duk furojet ɗin da na duba a laburare ita kaɗai suke kawowa.

Injiniyan_Data:

Malama Hafsat ni ɓangarena lissafi ne ba saikoloji ba amma irin wannan data ɗin ina yawan taya mutane aiki a kanta, bari in amsa ta alfa da ta kwatantawa.

Alfa abin da take faɗa miki kawai shi ne tambayoyin suna tafiya tare, wanda ya ce eh a wannan yakan ce eh a waccan, ba ta san me suke aunawa ba sam, kuma tana hawa da yawan tambayoyi ko da alaƙarsu ba ta da ƙarfi, kuma abin da ya fi muni in yara suna da ɗabi'ar cewa na yarda ga duk abin da babba ya miƙo musu a rubuce alfa za ta yi kyau sosai alhali ladabi kika auna ba sanin kai ba. Don haka 0.80 abin so ne amma ba ita ce hujjar ba.

Abin da ake nema shi ne a gwada ko ma'aunin yana aiki iri ɗaya a rukunonin da za a kwatanta, ana yi da fakta analisis ta tabbatarwa mai rukuni da yawa, wato lissafin da yake duba ko tambayoyi sun taru gida gida yadda aka tsara, kowane gida yana auna abu ɗaya, kuma hawa hawa ne. Na farko a ga tambayoyin sun taru a gidajen da aka ce za su taru a duka rukunonin. Na biyu a ga nauyin kowace tambaya a kan gidanta ɗaya ne, in wannan ya samu za ki iya kwatanta alaƙa, misali ko tsayawa a kan abu yana tafiya da kwanciyar hankali a nan kamar yadda yake a can. Na uku a ga mafarin awon ma ɗaya ne, kuma sai an samu wannan ne kawai ya halatta ki ce matasan nan sun fi na can ko ba su kai su ba. Kamar Selshiyos da Kelbin ne a awon zafi, tazarar digiri ɗaya daidai take a duka biyun amma sifilinsu ba wuri ɗaya yake ba, akwai 273 da ɗoriya a tsakani, in kika jera lambobin kai tsaye za ki ce wani ya fi zafi alhali abu ɗaya ne. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta Cheung da Rensvold ta 2002, in CFI, lambar da take nuna yadda tsarin ya dace da data, bai sauka da fiye da 0.01 ba daga hawa zuwa hawa an wuce.

Toh ga inda maganar Abba take da rauni, barin tambayoyi 64 ɗin yadda suke bai ba ki lasisin kwatantawa ba, lasisin yana zuwa ne daga wannan gwajin, kuma gwajin yana buƙatar ɗanyen data na ɗaya rukunin wanda ke ba ki da shi, matsakaicin maki da kika gani a mujalla bai isa ba. Shawara ta babi na biyar ki kwatanta siffa da alaƙa, ki bar maganar wa ya fi wa. A cikin yaranki kuma za ki iya gwada daidaiton tsakanin maza da mata ko ƙanana da manya, wannan naki ne kuma yana da daraja.

Kuma kar ki ji tsoro in gidajen ba su fito yadda littafi ya ce ba. Wata takardar sanin kai mai suna DIDS ta Luyckx da abokan aikinsa ta Beljiyam gida biyar aka gina ta a kai, da aka gwada ta da Faransanci a Faransa da Suwizalan sai ɗaya daga cikin gidajen na zurfafa lalube ya rabe biyu suka zama shida, kuma ba su ɓoye ba suka buga shi a matsayin sakamako. Maƙwabta ne fa waɗannan a Turai.

Abu biyu kuma ki kula da su. Yadda mutane suke amfani da lambobin ma ya bambanta, Chen da Lee da Stevenson a 1995 sun samu ɗaliban sakandare na Japan da Taiwan sun fi zaɓar tsakiya fiye da na Amurka da Kanada. Sai tambayoyin da aka juya su da korewa, Schmitt da Allik da suka gwada ma'aunin ganin darajar kai na Rosenberg a ƙasashe 53 a 2005 sun ga irin waɗannan jimlolin ba a fahimtarsu iri ɗaya a ko'ina. Yaro ɗan shekara 13 ka ba shi jimla mai "ban" a ciki sannan ka ce ya zaɓi "ban yarda ba", kansa juyawa yake.

Manhaja kuma ba sai kin sayi AMOS ba, JASP da jamovi kyauta ne, ko lavaan a cikin R in kina da mai nuna miki. Yawan mutane kuwa abin da aka saba faɗa shi ne kamar goma ga kowace tambaya kuma kar a gaza 200, ki lissafa da 64 ki gani.

Malama_Kansila:

Sannunku da ƙoƙari, na karanta duka kuma na ƙaru. Ni aikina ba da shawara ga ɗalibai ne a sakandare, ina so in ɗan ja birki a wani waje da girmamawa ga Dakta.

Ina tsoron kar mu gudu daga wani zato mu faɗa wani. In muka shiga da tunanin cewa yaranmu duk masu bin iyaye ne da son rai kuma ma'aunin ne kawai bai fahimce su ba, za mu rufe ido a kan waɗanda da gaske ba a taɓa ba su damar tunani ba, kuma suna nan, ina zama da su, yarinya ta ce min abin da za ta karanta in tambaye ta me yasa ta yi shiru hawaye ya cika mata ido. Ita da wadda ta zaɓa da son ranta amsa ɗaya za su ba wa waccan tambayar ta iyaye. Don haka ni ba cirewa nake so a yi ba, so nake a ƙara tambayar da za ta raba su, kin taɓa tunanin wata hanyar? kin tattauna da wani a kai? yanzu kina jin abin naki ne ko ɗora miki aka yi? Kuma a ƙasa ɗaya ma yara ba ɗaya ba ne, an taɓa yin gwajin nan na "ni waye" a Kenya aka ga amsoshin ɗaliban jami'a na Nairobi sun fi kama da na ɗaliban Amurka fiye da na makiyayan Maasai da Samburu. Yaran yanzu kuma da waya a hannu suna ganin rayuwa iri iri, lalubensu wani lokacin a can yake faruwa ba wanda ya sani a gida.

Na biyu Hafsat, yadda za ki raba takardar yana iya ɓata duk wahalar fassarar. In malaminsu yana tsaye a aji ko suka ga wajen rubuta suna, abin da ya kamata za su rubuta miki ba abin da yake ransu ba, musamman a tambayoyin addini da soyayya da iyaye. Ki sa malami ya fita, ba suna, a zuba a ambulan ko kwali a gabansu, ki faɗa musu da baki cewa ba jarrabawa ba ce ba maki kuma wanda ba ya so ya bari. Tunda yawancinsu ba su kai 18 ba sai da izinin iyaye da kuma yardar shi yaron kansa, biyun duka. Ki kuma tanadi wanda yaro zai je wajensa bayan an gama, domin irin tambayoyin nan suna tayar da abin da yake kwance a zuciyar wasu.

Sannan ki gwada ko suna karanta yaren da kika fassara zuwa gare shi da sauƙi, yaro ya iya magana da yare daban, ya iya karanta shi a rubuce daban. Wasu sai kin karanta musu a bayyane kowa yana cika tasa.

Dakta_Bilkisu:

Malama wallahi kin gyara min magana kuma na karɓa, tambayoyin nan naki da suke raba wadda ta zaɓa da wadda aka ɗora wa su ne abin da ya kamata, kuma sun kai ni ga abin da nake son ce wa Hafsat ta kai wa sufabaiza ɗinta.

Ki roƙe shi ku duba wata takardar tambayoyin mai suna U-MICS ta Crocetti da Rubini da Meeus ta 2008 a madadin EOM-EIS. Tambaya 13 ce ga kowane ɓangare, biyar a kan tsayawa, biyar a kan zurfafa tunani a kan abin da aka tsaya a kai, uku a kan sake shawara ko a canza. Kyanta shi ne ba ta tambayar daga ina ka samo abin, tana tambayar yaya kake riƙe da shi yanzu, kana tunani a kansa, kana neman ƙarin sani, kana jin gara ka bar shi. Kin ga yarinyar Malama da waccan ɗayar a nan za su rabu. Kuma ke kike zaɓar ɓangaren, an fi yin karatu da abota amma jimlolin suna karɓar wani ɓangaren in hirarki da yaran ta nuna shi ne ya dame su. An gwada daidaitonta a ƙasashe goma a 2015, duk da cewa ɗaliban jami'a ne ba 'yan sakandare ba, don haka naki gwajin yana nan a kanki. Ɓangare biyu tambaya 26 kenan, yara 260 zuwa 300 sun ishe ki, kuma ɗan shekara 13 zai gama ba tare da ya gaji ya fara cika layi ɗaya har ƙasa ba. In kuma ƙabila ko yare ya fito da ƙarfi a hirar, akwai MEIM-R ta Phinney da Ong ta 2007, tambaya shida ce kacal. Wata takardar kuma AIDA ta mutanen Basel mai tambaya 58 kuwa ki bar ta, an yi ta ne don gano matsala a asibiti, ba irin tambayarki ba ce.

A kan suna da kika tambaya tun farko, in kin canza ki rubuta cewa sigar da aka daidaita ce, ki yi tebur a rataye mai nuna kowace tambaya, asalinta, abin da ta koma, da dalilin da yaran suka ba ki. Ki tura wa masu takardar imel ki nemi izini kafin ki fara, ki tambaye su ko wani ya riga ya yi a yarenki. Sannan ki ware yara kamar 40 ki sake ba su bayan sati biyu don a ga ko amsar tana tsayawa. In sufabaiza ɗin ya dage a kan EOM-EIS, toh ki bar tambayoyin da suka tsallake gwajin fahimta yadda suke, ki ƙara na Malama a ƙarshe a matsayin sashe daban, ki kawo lissafin biyun kowanne a teburinsa.